Wa Yake Cika Rumbun Jama'a? Daga Tibati Zuwa Garwa

Ranar rabon abinci kowa yakan ga hannun mai bayarwa, amma ba safai ake tambayar inda buhun ya fito ba. A ƙasashen Turawa amsar mai sauƙi ce. Abin da suke kira bankin abinci ya soma a birnin Phoenix na Amurka a 1967, da wani mutum, John van Hengel, ya riƙa bin manyan kantuna yana karɓar abincin da za su zubar alhali bai lalace ba. Faransa ta bi sawu a 1984. Wannan dabara sai ƙasar da abinci yake ragowa a kanti. A arewacin Kamaru kuwa, rumbun da ake ciyar da jama'a daga cikinsa a gona ake cika shi, kuma kowane zamani da hanyar da ya bi ya karɓi hatsin daga hannun manomi.

A ƙarni na 19, bayan Haman Sambo ya kafa sarautar Fulani a Tibati, rumbun Lamiɗo ne madogarar gari. Hanyarsa ta fari zakka ce: wanda gonarsa ta ruwan sama ta kai nisabi, sai ya fitar da dami ɗaya cikin goma. Ban da zakka akwai gandun sarki, inda bayi suke noma a ƙauyukan da Fulani suke kira rumde, mu kuma mu ce rinji, ga kuma gaisuwar da ƙabilun da aka ci da yaƙi suke kawowa. Daga nan ake ciyar da baƙo da malami da mayaƙi. Kada mai karatu ya manta da wannan: tuwon da aka ba matalauci a ƙofar fada, sau da yawa gumin wanda ya fi shi talauci ne. Rumbun nan kuma ya ciyar da yaƙi, gama rundunar Tibati ta yi shekara 11 tana kewaye da garin Ngambe na Tikar, har Jamusawa suka ci Tibati a 1899.

Faransawa sun zo da tasu. A 1937 suka kafa ƙungiyoyin tanadi a Kamaru, inda ake sa manomi ya biya kuɗin ƙungiya kamar yadda yake biyan haraji, a ajiye iri, a ba shi rance. Sunan tanadi ne, amma ba wanda ya nemi yardarsa.

Farin da ya auka wa ƙasashen Sahel daga 1972 zuwa 1974 shi ya kawo canji babba. A 1975 gwamnatin Ahmadu Ahijo ta kafa Ofishin Hatsi, hedkwatarsa a Garwa. Aikinsa shi ne ya shiga kasuwa da kaka, sa'ad da dawa da masara suke araha, ya saya ya adana, in damina ta yi tsakiya rumbuna sun ƙone ya fitar ya sayar da rangwame. A nan manomi kuɗi yake karɓa, ba a ƙwace masa kome. Sai dai wahalar tana wajen lokaci. In kuɗin saye ya makara wata biyu, 'yan kasuwa sun riga sun kwashe, wani hatsin ma ya haye Nijeriya ko Cadi. Rumbunan ƙauye da ƙungiyoyin taimako da majami'u suka gina daga baya haka suke aiki: a ranta wa mutum buhu lokacin yunwa, ya mayar da kaka da ɗan ƙari a kai. Shekarar da aka kasa biya, rumbu ya zama kango.

Hanya ta ƙarshe ta teku ce. Abincin agaji yakan sauka a Duwala, ya hau jirgin ƙasa, wanda ya iso Ngaundere a 1974, daga nan manyan motoci su yi arewa da shi. Da irinsa Hukumar Abinci ta Duniya ta ciyar da 'yan gudun hijirar Nijeriya a sansanin Minawao, wanda aka buɗe a 2013. Babban kaso na kuɗin wannan hukuma daga Amurka yake fitowa, a 2025 kuwa Amurka ta rufe hukumarta ta agaji, USAID.