Manhajar sarrafa shafi

manhajar sarrafa shafi (suna, mace, jam'i: manhajojin sarrafa shafi). Manhaja ce da ake kafa shafin intanet a kanta, ta yadda mai shi zai iya saka rubutu da hotuna da farashi, ko ya cire su, ba tare da ya san yaren kwamfuta ba. Tana adana bayanai daban, fasalin shafi daban, don haka sauya ɗaya ba ya taɓa ɗayan. Wadda ta fi shahara ita ce WordPress, da ta fito a 2003. Akwai kuma Drupal (2001) da Joomla (2005). Dukkansu kyauta ake saukarwa, sai dai a biya kuɗin sunan shafi da na masaukinsa a intanet.

Babban amfaninta ga ɗan kasuwa shi ne saurin gyara. Inda farashi ke tashi tsakanin Azahar da La'asar, jiran injiniya asara ce. Tana ba yaron shago damar saka kaya, ta hana shi taɓa sauran shafin. Amma sai ana sabunta ta, in ba haka ba masu kutse su samu ƙofa.

Misali: "Alhaji, atamfar ta iso shagonmu na Ƙofar Marusa, na saka ta a manhajar sarrafa shafi."