Asalin Makarantar Boko da Aikin da Aka Gina Ta Dominsa

Kusan duk wanda ya taɓa riƙe alƙalami a ofishin En'e, ko ma'aji ne, ko magatakarda, ko malamin haraji, ta ƙofa guda ya bi kafin ya kai ga kujerarsa, wato makarantar boko. Ya san ƙararrawar safe, da kiran suna a rajista, da hawa daga aji zuwa aji, da jarrabawar ƙarshen shekara. Sabo ya sa mutane suna ɗaukar waɗannan al'amura kamar haka aka iske duniya. Alhali kuwa kowanne da ranar da aka fara shi, da bukatar da ta sa aka fara shi, gama banza ba ta kai zomo kasuwa.

Tushen tsarin nan a Furusiya ya ke, wata sarauta ta ƙasar Jamus. A 1717 Sarki Firedirik Wilham na Ɗaya ya yi doka, ya ce duk inda akwai makaranta, tilas iyaye su aika da 'ya'yansu. A 1763 ɗansa, Firedirik Babba, ya ƙarfafa dokar, ya ce yara maza da mata su shiga tun suna da shekara 5, su zauna har shekara 13 ko 14. A zamanin nan ƙasar ta manoma ce, injin bai zo ba tukuna. Abin da sarki ke nema shi ne talakawa masu sanin addini, masu biyayya, waɗanda za su iya karanta doka, su kuma ɗauki bindiga in an kira su. Da Nafoliyon na Faransa ya karya rundunarsu a Yena a 1806, sai manyan ƙasar suka ga ba abin da zai tashe su sai gyaran mutanensu tun daga ƙuruciya, don icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Suka yawaita makarantun horon malamai, suka sa makarantu a ƙarƙashin idon gwamnati. Labarin ya bazu, har wani Ba'amurke mai suna Horace Mann ya tafi ya gano da idonsa a 1843, ya komo yana yabawa, jiharsa ta Masacusets kuwa ta yi dokar karatun tilas a 1852.

A Ingila kuwa masaƙu ne suka tura al'amarin. Da aka sami injin kaɗi da na saƙa, sai mutane suka bar gonaki suka cika birane, yara ƙanana suna wuni a gindin injin kwana shida a mako. A 1780 Robert Raikes ya fara tara irin yaran nan ran Lahadi a garin Gulosta, ana koya musu karatu da ladabi. Amma yara sun yi yawa, malamai kaɗan, kuɗi kuma babu. Sai wani limamin Kirista, Andrew Bell, wanda ya riƙe makarantar marayu a Madaras ta ƙasar Indiya, ya fito da dabara a 1797. Joseph Lancaster ya buɗe tasa makaranta a Landan a 1798 bisa irin wannan hanya. Malami guda ya koya wa manyan yara, su kuma kowanne ya koya wa ƙanana kamar goma. A tashi da umurni, a zauna da umurni, kowane darasi da mintocinsa. Ta haka mutum ɗaya ya kan riƙe ɗaruruwan yara a ɗaki guda, kamar yadda shugaban masaƙa ke riƙe ma'aikatansa. Daga nan aka gaji monita, wanda kowane ɗan makaranta ya sani.

Sa'an nan gwamnati ta sa hannu. A 1833 majalisar Ingila ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba a masaƙun auduga, ta ce na shekara 9 zuwa 13 a ba su karatun sa'a biyu kowace rana, ta kuma ba da fam 20,000 don ginin makarantu. A 1862 aka ce kuɗin da za a ba makaranta sai gwargwadon zuwan yara da cin jarrabawarsu ta karatu da rubutu da lissafi. Nan rajista da mai duba makarantu suka sami ƙarfi, haddar darasi kuma ta yi yawa. A 1870 William Forster, wanda shi kansa mai masaƙar ulu ne, ya kawo dokar kafa makarantun elementare ko'ina, hujjarsa kuwa ita ce arzikin sana'o'in ƙasar ya rataya ga ma'aikata masu ilmi. A 1880 karatu ya zama tilas. Abin da mai masaƙa ke so ga ma'aikaci a fili ya ke: ya zo kan lokaci, ya tsaya inda aka tsai da shi, ya karanta umurni, ya iya ƙirga.

To, wannan tsari shi Turawa suka zo da shi Nijeriya ta Arewa. Sun iske makarantun allo birni da ƙauye, inda kowane almajiri ke tafiya gwargwadon ƙoƙarinsa, ba aji, ba ƙararrawa, in ya biya allonsa ya wanke ya ci gaba. Masaƙun injin babu su a ƙasar, amma akwai wata bukata. Gwamna Lugga ya zaɓi yin mulki ta hannun sarakuna, mulkin nan kuwa ba ya tafiya sai da baitulmali, da littafin haraji da na jangali, da wasiƙu tsakanin hakimi da sarki da Razdan. A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, da sashen malamai, da na 'ya'yan sarakuna, da na koyon sana'a. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aikin akawu ya ƙaru. A 1922 Gwamna Kilifod ya buɗe Kwalejin Katsina don horon malamai, waɗanda suka watsu cikin larduna suna koyarwa. Abin da masaƙa ta zama ga makarantar Ingila, shi ofishin En'e ya zama ga makarantar Arewa.

Amfanin da aka samu ba ya ɓoyuwa, don da hannun mutanen nan aka riƙe kuɗin jama'a, da asibiti, da gandun daji, da hanyoyi, har zuwa 1976 da aka mai da aikin ga ƙananan hukumomi. Amma gwamnati ta auna makarantu da yawan kujerun da za a cika, don haka 'yan kaɗan suka shiga, galibin 'ya'yan talakawa da mata suka tsaya a waje, Arewa kuwa ta daɗe tana biyan bashin wannan.

Abu guda ne waɗanda suka shirya tsarin ba su lissafa ba. Wanda aka koya wa karatu don ya karanta umurni, ba mai hana shi karanta wani abu dabam. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ɗan Kwalejin Katsina ne, ya kuma koyar a makarantar midil ta Bauci. Shi ne a 1950 ya miƙe a majalisar Kaduna, ya nemi a gyara tsarin En'e, a ba talakawa baki cikin sha'anin mulkinsu. Bayan shekara goma, sa'ad da Nijeriya ta sami mulkin kai, shi ne Firayim Minista.