Alamomin Fitsari na Daɗaɗɗen Kumburin Mafitsara

Alamomin fitsari sinadarai ne da ake aunawa a cikin fitsari domin gano daɗaɗɗen kumburin mafitsara, ciwon da ke haddasa zafin mara da yawan jin fitsari dare da rana, alhali gwaji bai nuna ƙwayar cuta ba. Ya fi kama mata. Har yanzu likita kan gano shi ne bayan ya kawar da zargin wasu cututtuka, kamar tsakuwa da ciwon daji da tsargiya, wadda ake ganin ƙwanta a fitsari, kuma ta yawaita a arewacin Najeriya. Wani lokaci sai an zura siririyar na'ura mai kyamara cikin mafitsara, don neman jajayen gyambunan da Guy Hunner na asibitin Johns Hopkins ya bayyana. Wannan wahalar ce ta sa ake neman gwaji mai sauƙi.

Alamar da ta fi shahara ita ce APF, wadda Susan Keay da abokan aikinta na Jami'ar Maryland a Amurka suka fayyace ƙirarta a 2004. APF tana hana fatar cikin mafitsara sabunta kanta, sai fitsari ya riƙa ratsawa yana taɓa jijiyoyi. Inda take, furotin HB-EGF yakan ragu, EGF kuma ya ƙaru. Furotin NGF ma yakan hau, sai dai yana hawa a wasu cututtukan mafitsara, don haka shi kaɗai bai isa hujja ba. Babu ɗayansu da ya zama gwajin yau da kullum a asibitoci.