Ɗinkin Ƙyalle a Kan Takarda da Waɗanda Suka Raine Shi a Ingila

Akwai labarin da aka saba bayarwa game da mayafin gadon nan na Ingila wanda ake harhaɗawa da ƙananan ƙyallaye masu gefe shida, suna jere manne da juna kamar saƙar zuma. Ana cewa talauci ne ya haife shi, wai matar da ba ta da kuɗin sabon yadi ce ta tattara ragowar tsummokara, ta yayyanka, ta haɗa domin 'ya'yanta su sami abin rufa da hunturu. Labarin yana da daɗin ji, yana kuma girmama matan da suka cancanci a girmama su, sai dai mayafan da suka rage a gidajen tarihi ba su goyi bayansa ba. Abin da suke nunawa shi ne salon ya taso a gidajen da ke da siliki da takarda da kyandir na ƙonawa da dare, kuma abin da yake ci fiye da yadi da zare shi ne lokaci. Duk inda ya nufa daga baya, wurin masu rarar lokaci ya nufa, ko sun same ta cikin jin daɗi ko an ɗora musu ita dole.

Sai an san yadda ake aikin kafin a ga dalilin haka. Mai ɗinki takan yanka takardu masu gefe shida, girmansu ɗaya, ba ƙari ba ragi. Sai ta yanka ƙyallen da ya ɗan fi takardar faɗi, ta ɗora takardar a bayansa, ta kalmashe bakinsa a kanta gefe bayan gefe, ta kama da manyan ɗinki na wucin gadi. Idan ta tara da yawa sai ta haɗa biyu fuska da fuska, ta bi bakinsu da ɗinki ƙanana ƙwarai, allura tana ɗan cizon yadin ba tare da ta huda takardar ba. Shida sukan kewaye ɗaya su zama fure, fure ya haɗu da fure har a kai faɗin gado, a ƙarshe a warware ɗinkin wucin gadin a zare takardun. Amfanin takardar yana cikin halin yadi ne. Yadi saƙa ce ta zaren tsaye da na kwance, kuma idan aka yanka shi a karkace bakinsa yakan saki ya miƙe. Cikin gefe shidan nan biyu kaɗai ke iya bin layin zare, sauran huɗun a karkace suke. Ga shi kuma kusurwa uku ke haɗuwa a kowace mahaɗa, kowace tana da digiri 120, don haka ɗan kuskuren da ido ba ya gani idan ya maimaitu sau ɗari sai mayafin ya tattare ya ƙi kwanciya. Takarda ce ke riƙe ƙyallen ya tsaya cak har a gama, musamman siliki mai santsi. Amma kuɗin wannan daidaito shi ne kowane ƙyalle sai an taɓa shi sau da yawa, ga yanka biyu, ga ɗinki biyu, ga warwara, alhali mayafi ɗaya yana iya cin ƙyalle dubbai.

Mafi tsufan mayafin haɗe-haɗe mai kwanan wata a jikinsa da aka sani a Birtaniya shi ne wanda ke ɗauke da shekarar 1718 da haruffan EH, yana hannun ƙungiyar masu wannan ɗinki ta Birtaniya. Kusan dukkansa siliki ne, an ɗinka shi a kan takarda, kuma takardun suna nan a cikinsa har yau. Siffofinsa ba masu gefe shida ba ne, akwai tsuntsaye da dabbobi da furanni, amma hanyar aikin ita ce dai wannan. A babban gidan Levens Hall da ke arewa maso yammacin Ingila akwai wani da ake dangantawa da wajen 1708, an yi shi da yadin auduga mai zanen furanni daga Indiya. Wannan yadi a lokacin kayan masu hali ne. Majalisar dokoki ta hana shigo da shi a dokar 1700 domin kare masaƙan ulu da siliki na gida, ta ƙara tsananta hanin a 1721, ba a sassauta wa audugar da aka buga wa zane a gida ba sai 1774. Wanda ke da guntayen irin wannan yadi har ya rufe gado da su ba mabuƙaci ba ne. Ita kanta takardar ba arha take ba. Da tsumma ake yin ta kafin a koma ga itace a ƙarni na 19, kuma gwamnati ta ɗora mata haraji tun 1712, ba a janye ba sai 1861. Shi ya sa idan masu adana kayan tarihi suka duba bayan mayafan da ba a ƙarasa ba, tsofaffin wasiƙu suke tararwa, da littattafan koyon rubutu na yara, da takardun lissafin ciniki, da jaridu. Gidan da ke da irin wannan tarkace gida ne da ake karatu da rubutu a cikinsa. Takardun ma suna taimakawa wajen sanin shekarun mayafi, don ba zai girmi kwanan watan da ke jikin takardarsa ba, ko da yake yana iya zama ƙaninta da shekaru masu yawa.

Mai ja zai ce ai kayan masu kuɗi ne kawai ke rayuwa. Mayafin talaka an rufa da shi har ya yage, an mai da shi tsumma, na attajiri kuwa an naɗe an ajiye a akwati, saboda haka gidan tarihi shaida ce mai son kai. Wannan magana gaskiya ce, kuma dole a yarda cewa talakawan Ingila sun yi faci da haɗe-haɗen da babu ko alamarsa yanzu. Sai dai tambayar ita ce wane irin haɗi suka yi. A arewacin Ingila da Wales, inda matan masu haƙar kwal da manoma suka yi ɗinkin mayafi don amfanin gida da kuma neman abinci, abin da ya yi suna shi ne dogayen yanka masu faɗi da ake jerawa, ko yadi guda da ake cusa wa ulu a bi shi da ɗinki. Wannan shi ne aikin mai gaggawar ɗumi. Matar da ke wanki da girki da raino daga asuba zuwa dare, kuma kyandir kuɗi ne a wurinta, ba za ta zaɓi hanyar da ta fi kowace jinkiri ba. Akwai kuma wata shaida a jikin mayafan kansu: sau da yawa an yanka ƙyallen ne ta yadda fure ɗaya na zanen yadin zai faɗo daidai tsakiya, a maimaita haka sau shida. Yin hakan ɓarnar yadi ce, don sai an bar ramuka a tsakiyar yadi mai kyau.

Wani kuma zai kawo Jane Austen, marubuciyar nan da ta yi zama a Chawton. A wata wasiƙa ta watan Mayu 1811 ta tambayi yayarta Cassandra ko ta tuna da tattaro guntayen yadi, don aikin haɗe-haɗensu ya tsaya. Mayafin da suka ɗinka tare da mahaifiyarsu yana gidansu na Chawton har yanzu, ƙyallayensa masu gefe huɗu ne a karkace, an kuma haɗa su a kan takarda. Ga dai tsimi a fili, amma tsimin mai rufin asiri ne, wanda tarbiyyar lokacin ta ɗauke shi ado ga mace. Gidan Austen ba masu dukiya ba ne, suna dai da 'yan aiki, kuma don sun tsaya jiran irin ƙyallen da zai dace da tsarinsu babu wanda ya kwana da sanyi.

Abin da ya sauƙaƙa sana'ar ga jama'a shi ne faɗuwar farashin auduga. Bayan Thomas Bell ya yi rajistar injin buga zane a yadi a 1783, masana'antun Lancashire suka cika kasuwa da yadi mai launi, sai salon gefe shida ya yaɗu a ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19. Ya ƙetara zuwa Amurka, inda mujallar Godey's Lady's Book ta buga bayanin yadda ake yin sa a 1835. Keken ɗinki da ya bazu bayan 1850 ya karɓe dogayen layuka, amma mahaɗar kusurwa uku tana ba shi wahala, don haka wannan salon ya zauna a hannu. Da ya sake tashe a Amurka a shekarun 1930, lokacin karayar tattalin arziki, mata da yawa sun ajiye takardar suka haɗa ƙyallayen kai tsaye. Wato da buƙata ta matsa, matakin da ya fi cin lokaci aka fara zubarwa.

Hujjar da ta fi nauyi wajen ja da ra'ayin cewa salon na masu hali ne ita ce ta fursunoni, domin su ba su da komai. Elizabeth Fry, wadda ta kafa ƙungiyar taimakon matan kurkukun Newgate a 1817, ta riƙa sa a ba fursunoni matan da za a kai Ostireliya guntayen yadi da allura da zare don tafiyar watanni a teku, kuma daga irin wannan kyauta ne mayafin jirgin Rajah na 1841 ya fito, wanda ke Canberra yanzu. A 1943, a kurkukun Changi na Singafo ƙarƙashin mamayar Japan, 'yan mata ƙanana sun haɗa furanni masu gefe shida daga guntayen da suka samu, suka yi wa shugabarsu kyautar mayafi. A 2010 gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan ya nuna mayafin da mazan kurkukun Wandsworth suka ɗinka tare da ƙungiyar Fine Cell Work, da ƙyallaye masu gefe shida da aka ɗauko daga fasalin ginin kurkukun. Babu ɗaya cikin waɗannan da aka yi don maganin sanyi. Na Rajah kyautar godiya ce ga matan da suka ba da kayan, na Changi kyautar ranar haihuwa, na Wandsworth kuwa gidan tarihin ne ya nemi a yi. Abin da ɗaurarre yake da shi a yalwace awoyi ne da ba su da abin cikawa, kuma aikin ya dace da ƙuncin ɗakinsa, don ba ya buƙatar tebur ko inji, yana shiga aljihu, ana iya ajiye shi idan mai gadi ya kira, a kuma ci gaba daga gefen da aka tsaya.