Masu radiyon sha'awa da aikin ceto: ɗan waiwaye kan tarihi

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi yana sauraren labarai a gajeren zango, mita 25 ko mita 31, ya ci gajiyar waɗansu mutane da ba kasafai ake ambatonsu ba. Da Faransanci ana ce musu radioamateurs. Kalmar amateur ta samo asali ne daga Latin, inda take nufin mai son abu. Saboda haka a nan muka zaɓi mu kira su masu radiyon sha'awa: mutanen da ke harhaɗa na'urar aikawa da karɓar saƙo a gidajensu, da izinin hukuma, ba don neman kuɗi ba. Abin da muke son nunawa shi ne yadda wannan sha'awa ta zama abin dogaro a ranar da hanyoyin sadarwa suka yanke.

1. Zangon da aka raina

Bayan nutsewar jirgin ruwan Titanic a Afrilun 1912, Amurka ta kafa dokar da ta tsare masu sha'awa a zangon da bai wuce mita 200 ba. A lokacin ana ganin gajeren zango ba ya zuwa nesa, wato an ba su abin da ba wanda ke so. Amma a Nuwamban 1923 Léon Deloy, daga birnin Nis na Faransa, ya yi musanyar saƙo da Fred Schnell a jihar Konetikat ta Amurka, a zango na wajen mita 100. Dalili kuwa shi ne gajeren zango yana dokan wani ɓangare na sararin sama ya komo ƙasa can nesa, ko da ƙarfin na'urar kaɗan ne. A 1925 aka kafa ƙungiyarsu ta duniya, IARU, a Paris, kuma taron Washinton na 1927 ya keɓe musu zanguna nasu.

2. Ranakun da aka bukace su

A ran 25 ga Mayu 1928 balan-balan ɗin Italia, wanda Umberto Nobile ke jagoranta, ya faɗi bisa ƙanƙara a arewacin tsibiran Sibalbad. Mai radiyon tafiyar, Giuseppe Biagi, ya yi kwanaki yana kiran neman agaji ba amsa. Wanda ya fara jin kiran, ran 3 ga Yuni, wani saurayi ne mai radiyon sha'awa a wani ƙauyen Rasha, Nikolai Schmidt. A watan Yuli jirgin ruwan Krassin ya kwashe sauran waɗanda suka tsira.

A daren 31 ga Janairu 1953 teku ya fasa madatsun ruwa a kudu maso yammacin Holan, mutane fiye da 1,800 suka rasu. Layukan tarho sun yanke, kuma a wurare da dama masu sha'awa ne suka sada tsibiran da sauran ƙasar. Haka aka sake gani a girgizar ƙasar birnin Meziko ran 19 ga Satumba 1985, da kuma a tsibiran Andaman na Indiya bayan igiyar ruwan 26 ga Disamba 2004.

Abin lura a nan shi ne, tarho, na waya ne ko na hannu, yana rataye da turaku, da lantarki, da cibiyar da ke rarraba kira. In ɗaya ya faɗi, magana ta tsaya. Shi kuwa mai radiyo, batir ɗin mota da igiyar ƙarfe da aka ɗaura tsakanin itatuwa biyu sun ishe shi.

3. Daga taimakon sa-kai zuwa tsari

Sannu a hankali hukumomi suka fahimci cewa bai kamata a jira sa'a ba. A Faransa, tun 1972 akwai tarayyar FNRASEC, wadda ke aiki tare da hukumar kare farar hula, har da neman jiragen sama da suka ɓace. A 2003, taron radiyo na duniya a Janeba ya gyara sashe na 25 na dokokin radiyo, ya yarda masu sha'awa su isar da saƙon wasu mutane tsakanin ƙasashe a lokacin bala'i. A kwanakin lafiya kuma suna riƙe sadarwa a manyan taruka, kamar gudun fanfalaki na birnin Boston. Wannan ba wasa ba ne kawai: a nan ne suke koyon taƙaita magana, da jiran layi, da maimaita saƙo ba ƙari ba ragi.

Kammalawa

Darasin da muka ciro shi ne, na'ura ba ta ceto sai da hannun da ya saba da ita tun kafin ranar wuya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A rabon lambobin kira na duniya, Nijar tana da 5U, Najeriya tana da 5N. Lambobin suna nan. Abin da ya rage shi ne makarantunmu da jami'o'inmu su horar da matasan da za su amsa su.