Hawan Dutse da Gudun Ƙafa a Yankin Yelwa ta Bauchi

Yelwa tana kudu maso yammacin birnin Bauchi, a kan hanyar da ta nufi Dass da Tafawa Ɓalewa. Unguwanninta, irin su Yelwan Tudu da Yelwan Makaranta da Kagadama da Tsakani da Lebura, sun bazu ne a fili, amma duk inda mutum ya waiga sai idonsa ya sauka a kan dutse. Birnin kansa yana zaune a tudu mai tsayin kimanin mita 600 daga teku, duwatsu irin su Warinje da Gudum da Guru suna kewaye da shi. In aka miƙa hanyar Dass za a tarar da duwatsun Buli, can gaba kuma ga Mbula ta yi wa garin Dass rumfa. Ta yamma, a hanyar Jos, Zaranda ce ke tsaye. Hawan waɗannan duwatsu da ƙafa, da sassarfa a kan 'yan hanyoyin da ke tsakaninsu, tsohon abu ne a wannan ƙasa. Ya shekara ɗaruruwa yana matsayin larura kafin a fara ɗaukarsa wasa ko motsa jiki.

Ba a fahimtar wannan tarihi sai an san yanayin ƙasar. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ce ke kaɗawa, busasshiya, mai sanyi da asuba. A Maris da Afrilu zafi yakan kusanci digiri 40 da tsakar rana. Sai bazara ta shigo da iskar kudu mai ɗauke da laima: hadari ya haɗu, ruwa bai sauka ba, jiki ya yi ta tsatsafo da gumi amma gumin ya ƙi bushewa. Wannan shi ne lokaci mafi wuya ga mai hawa, domin dutsen yana shan rana tun hantsi, ya riƙe zafin har bayan magariba. Damina kuwa, wadda ke kaiwa ƙarshen Satumba kuma ta fi ƙarfi a Agusta, tana rage zafi amma ta kawo santsi da doguwar ciyawa da tsawa.

Mutanen farko da suka laƙanci duwatsun su ne waɗanda suka zauna a kansu. A Geji, kusa da hanyar Jos, akwai kogon da ake kira Dutsen Zane, inda aka zana shanu da mutane a jikin dutse, shaidar cewa zama a tsaunukan ya daɗe. Al'ummomi da dama, masu harsuna daban-daban, sun kafa ƙauyuka a sama ko a gindin dutse: mutanen Geji da Polci da Buli da Zul, da Barawa da Jarawan Dass, da Sayawa can kudu. Dalilin zaman a bayyane yake. Wanda ke sama yana hango ƙurar mahaya tun daga nesa, kuma doki ba ya hawa fa.

Sai dai tsaron yana da tsada, kuma ƙafa ce ke biya. Gida da rumbu suna sama, a maƙale tsakanin manyan duwatsu, an kewaye su da shingen ƙyarana. Wasu gonakin ana yin su a jikin gangare, a jera ƙananan duwatsu su tare ƙasa don kada ruwa ya kwashe ta, a shuka acca da dawa. Amma babbar gona da rafi suna ƙasa. Mace takan sauka da tulu tun duhun asuba, ta hau da shi cike, hannu ɗaya a wuyan tulun, ɗayan yana dafa dutse a inda hanya ta tsuke. Da kaka, daman dawa ma a ka ake hawa da shi. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri ba wanda ke koya masa inda zai sa ƙafa. Ya san wane dutse ke motsi, wane tsagi ne kububuwa ke kwanciya a ciki, wace hanya ce ke da inuwa bayan azahar. Wannan ilimi ne na gaske, ko da yake ba a rubuta shi ba, kuma masana tarihi sun fi mai da hankali ga yaƙe-yaƙe fiye da irin wannan aikin yau da kullum wanda shi ne ya riƙe al'ummomin.

Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ƙara wa dutse daraja. Malam Yakubu, almajirin Shehu kuma ɗan ƙabilar Gerawa, ya karɓo tuta, ya zauna a Inkil, sannan ya kafa birnin Bauchi a 1809. Ganuwar da aka gina ta kai kimanin kilomita 10 da rabi a kewaye. Ƙarfin masarautar a fili dawaki ne, amma a gindin dutse dole barde ya sauka, aiki ya koma hannun dakaru da 'yan baka, waɗanda ke hawa cikin rana ana mirgino musu duwatsu daga sama. Saboda haka ba kowace tunga aka ci da yaƙi ba. Wasu al'ummomin sun shiga amana, suna biyan haraji a bar su da zamansu. Wasu sun ƙi, hare-haren neman bayi kuma suka ƙara tura su can ƙololuwa, inda ruwa ya fi nisa, noma ya fi wuya.

Babban misalin abin da dutse ke iya yi shi ne Ningi, a arewacin Bauchi. Wajen 1846 Malam Hamza da mabiyansa suka baro Tsakuwa ta ƙasar Kano bayan saɓani da hukuma kan haraji, suka shiga duwatsun Butawa da Warjawa da Fa'awa. Daga wannan tunga magadansa, irin su Ɗan Maje da Haruna, suka shafe fiye da rabin ƙarni suna kai hari ƙasashen Kano da Zazzau da Bauchi, su koma sama kafin a cim musu. Bayan rasuwar Yakubu a 1845, sarakunan da suka gaje shi sun sha fama da wannan matsala, har Rauta, wadda ke fuskar Ningi, ta zama mazaunin sarki na wani lokaci. Mulkin Ningi mai cin gashin kansa bai ƙare ba sai a 1902, shekarar da aka kashe sarkin Ningi Ɗan Yaya.

A gefe guda akwai mutanen hanya. Fatake masu jakuna da masu ɗaukar kaya a ka sun riƙa ratsa ƙasar Bauchi da kanwa da gishiri da tufafi da ƙarfe da kuza. Sarki yana da manzanni masu kai wasiƙa da ƙafa, yana da zagage masu sassarfa a gaban dokinsa komai nisan tafiya. Waɗannan su ne suka tsara dabarun tafiya cikin zafi, kuma dabarun ba su tsufa ba. Ayari yakan yi asubanci, domin da sanyin safiya ake kama fara. Ɗan dako yana ɗora kaya a kan gammo, ya riƙe doguwar sanda, in ya gaji ya yi loko a gindin itace, ya jingina kayan ba tare da ya sauke su ƙasa ba. Kafin rana ta take, madugu ya riga ya sa an ya da zango kusa da ruwa. Ruwan sha yana cikin salka ko gyanɗama, a ka akwai malfa mai faɗi, a ciki kuma fura ko kunu, waɗanda ke ba da ruwa da ƙarfi a lokaci guda. Matafiya daga Jamus sun bi waɗannan hanyoyi su ma: Eduard Vogel ya zo Bauchi a 1855, Gerhard Rohlfs kuma a 1867.

Turawan Ingila sun kama Bauchi a 1902, suka tuɓe Sarki Umaru. Duwatsun sun fi birnin ba su wahala, sai da aka yi shekaru ana tura sojoji sintiri. Da hare-hare suka ƙare, kuma hukuma ta fi son talakawa su zauna inda za a ƙirga su a karɓi haraji, ƙauyuka suka fara saukowa fili, wasu da son ransu, wasu da tilas. Kufai da makabartu da wuraren tsafi suka rage a sama. Aikin ƙafa bai ƙare nan take ba. Haƙar kuza a tudun Jos ta ci dubban 'yan alaro da leburori, kuma jami'in mulki in zai fita rangadi da masu ɗaukar kaya yake tafiya. Mota ce ta fara rage wannan, sannan jirgin ƙasa da ya iso Bauchi daga Kuru a 1961.

Gudu a matsayin wasa mai doka da alƙali ta makaranta da bariki ya shigo. Yaran Hausa sun san tsere da langa tun da, amma awon nisa da agogo da kyauta sababbin abubuwa ne. Makarantun lardi sun riƙa yin wasannin Ranar Daular Ingila kowace 24 ga Mayu, wato a tsakiyar bazara, daga baya gasar gidajen kwana ta zama al'ada a makarantun sakandare, ciki har da dogon gudu ta cikin gonaki da jeji. Hawan dutse kuwa ya sami gurbi ta wata cibiyar horar da matasa da aka kafa a 1951 a Man O' War Bay, a gindin Dutsen Kamaru. Cibiyar ta koma Kurra Falls a ƙasar Filato, daga bisani ta kafa makarantar hawan tsauni a duwatsun Shere kusa da Jos. Daga nan ƙungiyoyin Man O' War suka yaɗu a manyan makarantu, kuma da aka kafa hukumar yi wa ƙasa hidima a 1973 irin wannan horo ya shiga sansanoninta, har da na jihar Bauchi da ke Wailo.

Yelwa ta girma ne a daidai wannan zamani. An ƙirƙiro jihar Bauchi a 1976. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ta buɗe a 1979, tana Gwallameji, jami'ar fasaha ta tarayya kuma a 1980, wadda tun 1988 take ɗauke da sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa, mazauninta na farko kuma a Yelwa yake. Ga kwalejin aikin gona ta jiha a nan kusa. Ɗalibai da ma'aikata suka cika unguwannin, tare da Sayawa da Jarawa da Angasawa da Hausawa da Fulani. Da yawa daga cikin mazauna Yelwa jikokin mutanen dutse ne, waɗanda kakanninsu suka sauko bai fi ƙarni guda ba. Birnin Bauchi ya karɓi baƙuncin bikin wasanni na ƙasa har sau biyu, a 1991 da 2000, sai dai hankalin hukuma ya fi karkata ga filin wasa da ƙwallon ƙafa.

Gasar hawan dutse da ta fi suna a Najeriya a kudu aka kafa ta. A 2005 gwamnatin Donald Duke ta jihar Kuros Riba ta fara tseren Obudu, mai nisan kimanin kilomita 11 da hawan kusan mita 800, inda na ɗaya ya riƙa karɓar dala 50,000. 'Yan Habasha da Kenya ne suka fi lashe shi. A cikin gida, 'yan Filato, musamman na yankin Pankshin, su ne suka yi fice a gudun yada-ƙanin-wani, kuma ƙasarsu maƙwabciyar kudancin Bauchi ce, iri ɗaya a duwatsu da al'ada. Abin takaici ne a ce yaran Dass da Bogoro da Tafawa Ɓalewa, masu irin wannan gado, ba su sami masu horarwa da gasa a kai a kai kamar yadda ya dace ba.

Masu gudu a Yelwa a yau, ɗalibai ne ko masu shirin shiga aikin soja ko waɗanda likita ya umarta, suna fuskantar zafin da fatake suka fuskanta, kuma binciken zamani ya tabbatar da yawancin abin da fataken suka sani. Jiki yana huce zafi ne idan gumi ya bushe a fata. In iska ta cika da laima bushewar takan ragu, zafin ciki ya hau, zuciya ta ƙara bugu, ga shi hawa yana cin ƙarfi fiye da gudu a fili. Mai gudu yakan zubar da fiye da lita guda ta gumi a awa ɗaya, tare da gishirin jiki, shi ya sa ruwa zalla ba ya wadatarwa a doguwar tafiya. Baƙon da bai saba ba yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 yana ƙara aiki kaɗan-kaɗan kafin jikinsa ya daidaita. Jiri da ciwon kai da tashin zuciya alamu ne na a tsaya a nemi inuwa. In mutum ya fara ruɗewa ko tangaɗi, sai a jiƙa masa jiki da ruwa nan take a garzaya da shi asibiti. A watan azumi masu hankali kan mayar da atisaye zuwa bayan shan ruwa.

Saukowa ta fi hawa haɗari, musamman bayan ruwan fari, lokacin da fa ke yin santsi kuma ƙafa ta riga ta gaji. Su kansu hanyoyin suna canzawa. Gine-gine sun ci gindin duwatsun da ke kusa da gari, masu fasa dutse suna cin gefensu, tsofaffin da suka san hanyar zuwa kufai da idon ruwa kuma suna ƙarewa. Hanyoyin da suka rage a buɗe, a Buli da Mbula da Zaranda, galibi makiyaya da mafarauta da mata masu itace ne ke riƙe da su, kuma a wurinsu ne mai son hawa yake neman ja-gora, bayan ya gaida mai unguwar ƙauyen da ke gindin dutsen ya nemi izini.