Kukokin da ke tsakiyar gandun W

Shekaru fiye da goma ke nan, a wani hutun ƙarshen watan Maris, mu malamai shida muka haɗa kuɗi muka ɗauki hayar mota daga Yamai zuwa gandun dajin W. Mun bi ta Sayi da Tamu, tafiyar kimanin kilomita 150, muka isa ƙofar Tapowa da la'asar. Kwana biyu muka yi. Mun ga garken ɓauna, mun ga gwanki da gadu da gwaggon biri, kuma da safiyar rana ta biyu muka tarar da giwaye suna shan ruwa. Zaki kuwa sawunsa kawai muka gani. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai wata ƙatuwar kuka ce da jagoranmu ya tsayar da mota a gindinta, ya tona ƙasa da ƙafa ya nuna mana fasassun tukwane. Ya ce duk inda muka ga kukoki sun taru a dajin nan, to kufai ne, an taɓa yin gari a wurin. Ni da nake koya wa yara tarihi, sai ranar na gane ashe dajin ma yana da nasa tarihin.

Sunan gandun ya samo asali daga kogin Isa, wanda yake lanƙwasa sau da yawa a wannan yanki har Turawa suka ga ya yi kama da harafin W a taswirarsu. Dajin ya ratsa ƙasashe uku: Nijar da Benin da Burkina Faso. Ɓangarenmu ya kai murabba'in kilomita 2,200, kogin Tapowa na arewa da shi, kogin Mekuru na kudu, a kan iyakarmu da Benin. A kwarin Mekuru masu binciken tarihi sun samo kayan aiki na dutse, kuma akwai ragowar wuraren narkar da tama a yankin. Ke nan mutane sun daɗe suna zama da farauta da ƙira a wurin tun kafin a san da Bature.

Lokacin da Faransawa suka iso, mutanen yankin ba su da yawa. Ƙudan tsando na kawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu, ga kuma makantar da ƙananan ƙudajen bakin kogi ke haddasawa, ga tsofaffin yaƙe-yaƙe da farmakin neman bayi. Ƙarancin mutane ya sa namun daji suka yi yawa. Mulkin mallaka ya fara keɓe wurin a 1926, ya ƙara tsaurara dokar a shekarun da suka biyo baya, sannan a ranar 4 ga Agusta 1954 aka ayyana shi gandun daji na ƙasa. Ƙauyukan da suka rage a ciki an tashe su, aka hana farauta da kiwo da noma. Gurmawa da Fulani da Zabarmawa da ke cin moriyar dajin suka wayi gari abin da kakanninsu suka saba yi ya zama laifi. Wannan ɓangaren tarihin ba kasafai ake faɗa wa mai yawon buɗe ido shi ba.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, Nijar ta ci gaba da riƙe gandun, har a 1962 ta ƙara masa kariya da gandun Tamu daga arewa. Sai fari ya zo a farkon shekarun 1970. Makiyaya suka gangara kudu neman ciyawa, manoma suka biyo su neman ƙasa mai ruwa. A 1976, zamanin mulkin Seyni Kunce, aka yanke wani yanki na gandun Tamu aka buɗe shi ga manoma, kuma sunan da aka ba wurin da Hausa ne: Ayi Noma. Sunan kaɗai ya isa darasi. Duk lokacin da yunwa ta matsa, daji ne ake fara dubawa, kuma ba wanda zai ga laifin mai iyali da ke neman abin da zai ba ƴaƴansa. Tun daga nan rikici tsakanin ma'aikatan gandun daji da makiyaya masu ratsawa da shanu bai taɓa kwantawa gaba ɗaya ba.

Duk da haka gandun ya samu ɗaukaka. A 1996 hukumar UNESCO ta sa ɓangaren Nijar cikin wuraren gadon duniya, a 2017 kuma aka haɗa shi da Arli na Burkina Faso da Panjari na Benin a matsayin wuri guda. Wannan yanki ne ke riƙe da mafi yawan zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma, da kuma babban kaso na giwayenta.

Raƙuman dawa ba a W suke ba, suna wajen Kure, gabas da Yamai, cikin gonakin mutane. A 1996 guda 49 kacal suka rage, kuma su ne ƙarshen irinsu a duniya. Da aka sa mutanen ƙauyuka cikin aikin, suka zama jagorori, suka ga amfanin dabbar a raye, sai adadin ya haura 600. A 2018 aka kwashi takwas zuwa gandun Gadabeji da ke jihar Maraɗi, inda irinsu ya ɓace shekaru da dama. A W an kare dabba ta hanyar fitar da mutane, a Kure an kare ta tare da mutane. Kwatanta waɗannan hanyoyi biyu zai ba ɗaliban kolej muhawara mai kyau.

Yau tafiya irin tamu ta yi wuya. A ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida da ƴan Nijar biyu, direba da jagora. Dajin W kuma ya zama maɓoyar masu ɗauke da makamai, baƙi suka ɗauke ƙafa, jagorori suka rasa abin yi. Yaran da ke ajina yanzu sun san giwa da zaki a tatsuniya da allon waya kawai, wasu ma suna zaton dabbobin Kenya ne.

Shi ya sa nake roƙon ƴan uwana malamai da iyaye kada mu jira sai hanya ta buɗe. A aiki yaro wajen kakansa ya tambayo waɗanne namun daji ake gani a bayan garinsu da can, da yaushe aka daina ganinsu, da dalili. A rubuta sunayen da Hausa: gwanki, kanki, barewa, jimina, damisa. A zana taswirar kogin Isa a allo a nuna inda ya lanƙwasa. In Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, muka samu damar kai su, za su je da sanin cewa dajin nasu ne, kuma an biya shi da tsada. In sun ga kukoki a tsaye, za su san abin da za su tambaya.